Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sufeto Janar Na 'Yan Sanda: A Sa Ido Kafin A Yi Kame

Ranka ya daɗe,

Ni tela ne a Kano, shagona yana kallon wata mahaɗar titi, kuma takaici ne ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro.

Shekara da shekaru ke nan masu ƙwacen waya suna aikinsu a kan idona. Ba ɓuya suke yi ba. Bayan magariba suke fitowa, daidai lokacin da cunkoso ya tsayar da 'yan Adaidaita Sahu. Ɗaya ya jingina da turken wuta yana laluben wanda ya kara waya a kunne, biyu su matso da wuƙa a hannun riga, na huɗu yana bakin lungu, ya karɓa ya ɓace. Mai shayi ya san su, mai faci ya san su, har yarinya mai tallar gyaɗa ta san wanda ke ba da alama. Abin da ya rage shi ne jami'i ɗaya cikin kayan gida ya zo ya zauna a bencin mai shayi kwana biyar, ya riƙe fuskoki, ya riƙe lokaci, ya bi sawun wayar har hannun mai sayen kayan sata. Wannan zaman muke jira.

Abin da talakan ƙasar nan ya saba gani shi ne kame. Sai an soki wani, unguwa ta ɗauki kuka, sannan mota ta zo da jiniya a kwashi duk wanda aka tarar a majalisa: ɗalibi, mai wankin hula, wanda ya fito sayen maganin sauro. Jiniyar kuwa tun daga nesa ta riga ta gaya wa ɓarawo ya shige lungu. Kan mai uwa da wabi ba bincike ba ne, ranka ya daɗe. A kama mutum ashirin a fara neman mai laifi a cikinsu da mari, wannan ba bincike ba ne. A tsare uba don ɗansa ya fito, shi ma ba bincike ba ne, kuma dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta haramta kama wani a madadin wani. Dokar hana azabtarwa ta 2017 tana nan. To me ake kai wa alƙali? Takardar amsa laifi kaɗai, wadda lauya zai ce da duka aka karɓe ta. Ba wanda ya ga ɓarawon yana miƙa waya, ba hoto, ba littafin da jami'i ya rubuta ƙarfe nawa ya gan shi da kuma wurin. Shari'a ta watse, ɓarawo ya dawo jikin turkensa, marar laifi ya dawo gida da bashin kuɗin beli da kuma ƙiyayyar kaki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kun iya aikin. Wallahi kun iya. A watan Agustan 2019, bayan an kashe jami'anku uku a hanyar Ibi ta Jihar Taraba, wanda suka kamo, Hamisu Wadume, ya kuɓuce, amma cikin kusan mako biyu mutanenku suka bi sawunsa har Hotoro a nan Kano, suka ɗauko shi ba tare da sun kwashe unguwar ba. Da aka sace Hanifa, 'yar shekara biyar, a Disamban 2021, jami'an tsaro sun yi haƙuri sun yi kwanton ɓauna har mai makarantarsu, Abdulmalik Tanko, ya fito karɓar kuɗin fansa, kuma a Yulin 2022 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Ba a ceci ranta ba, Allah ya jiƙanta, amma an kai wa alƙali hujjar da ba ta girgiza. Shin sai magana ta cika gidajen rediyo ne ake samun mai zaman sa ido? Ran ɗan aiken da aka soka a kan waya bai kai a zauna masa a benci ba?

Idon nan kuma ya waiwayo cikin gida. A Fabrairun 2022 hukumar NDLEA ta fitar da bidiyon da ta ce ta naɗa a ɓoye na DCP Abba Kyari. Hukunci na kotu ne, ba nawa ba, amma duk ƙasa ta ga cewa babban jami'i ma ana iya bibiyarsa. Kun rubuta a bango cewa beli kyauta ne. Ku tura naku cikin kayan gida su je karɓo ɗan'uwa, su ji da kunnensu. Ku tura su cikin motar haya su wuce shingen bincike.

Sauran buƙatun a taƙaice: kuɗin mai da babur ga mai bincike don kada ya roƙi mai ƙorafi, kyamara, horo, rufa asirin wanda ya tsegunta, da iyaka, domin sa ido na mai laifi ne, ba na ɗan jarida ko ɗan adawa ba, kuma sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin gidajenmu.

Ina gaya maka gaskiya, haƙurin mutane ya kusa ƙarewa. Samari sun fara ajiye gora a bayan ƙofa, kuma ranar da taro ya ɗauki doka a hannunsa ba ya tambayar wane ne ɓarawo, wane ne mai wucewa. Ina da 'ya'ya maza uku da ke bin titin nan da dare. Ina jin tsoron wuƙar ɓarawo a kansu, ina jin tsoron motar kame, ina jin tsoron taro.

Don Allah, ranka ya daɗe, a turo mutum ɗaya. Akwai benci a shagona da keken ɗinki da ba kowa a kai. Ya zo a matsayin yaron shago, zan nuna masa turken.

Naka,
Wani tela daga Kano