Sai Yaushe Za Mu Daina Hawa Suri Neman Sabis?

Jama'a, 'yan uwana mazauna Adogi da Lafiya da Assakio da sauran garuruwan da neman abinci ya kawo iyayenmu. Yau dai ba labarin kasuwa zan kawo muku ba, kuka na zo yi, kuma ina so mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni har ƙarshe, domin abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauki waya na yi wannan rubutu. A kakar da ta wuce mahaifina ya tara riɗi da agushi, wani abokin cinikinsa daga kasuwar Dawanau ta Kano ya ce a ɗauki hoton kayan a tura masa, in sun yi masa zai turo kuɗi a loda mota a ranar. Ni ne mai wayar, don haka ni aka sa. Wallahi hoto 4 kacal, tun bayan azahar nake fama har la'asar ta yi sanyi. Na tsaya a ƙofar shago, na koma bakin titi, a ƙarshe sai da na hau wani suri a bayan gari na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Da ƙyar biyu suka tafi. Da mutumin ya turo kuɗin kuma alat ya ƙi shigowa, manhajar banki ta ƙi buɗewa, mai POS ma ya ce nasa sabis ɗin ya ɗauke. Baba ya ce ba zai saki kaya bai ga kuɗi ba, kuma gaskiyarsa. Direba ya gaji da jira ya ɗauki lodin wani ya kama hanya. Kwana 3 kayan suka ƙara a ƙasa, muka biya gadi, muka sake neman mota a farashi mai tsada. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, domin layuka 3 ne a aljihuna kuma a ranar babu wanda ya fitar da ni kunya. Datar da na saya kuwa, ita ba ta jira kowa ba, ranar da aka ce za ta ƙare ranar ta ƙare.

To tambayata ita ce, wannan wane irin ciniki ne? Mu 'ya'yan 'yan kasuwa ne, mun san ka'ida. In ka sayar wa mutum mudu 10 ka auna masa 6, sunanka macuci a kowace kasuwa, kuma sarkin kasuwa zai kira ka. Amma a harkar intanet sai a karɓi kuɗinka cif-cif, a ba ka rabin kaya, kuma a ce ka kashe wayarka ka sake kunnawa.

Wasu za su ce ai haka abin yake, sai haƙuri. Ni kuwa na ce ba haka yake ba, kuma tarihin wayar nan da kansa shaida ne. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, kuma a watan Agustan shekarar MTN da Econet suka fara aiki. Baba yana ba mu labari cewa a lokacin layi kaɗai sai mai hali, mutane sun saya a N20,000 har fiye, kira kuma N50 ne minti ɗaya, ko da sallama kawai ka yi layin ya yanke, an cire maka kuɗin minti. An yi ta kuka a koma lissafin daƙiƙa, aka ce ba zai yiwu ba tukuna. Sai ga Glo na Mike Adenuga ya shigo a watan Agustan 2003 da lissafin daƙiƙa tun ranar farko. Cikin 'yan watanni abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu a wajen kowa, farashin layi kuma ya yi ta faɗuwa har ya zama kusan kyauta. Ba tausayi ne ya kawo wannan sauƙin ba, tsoron rasa kwastoma ne. Haka aka gani a Indiya a 2016 da kamfanin Jio ya shigo kasuwa, farashin data ya rushe, manyan kamfanoni suka bi dole. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Yanzu mu duba inda muke. A alƙaluman NCC na 2025, MTN kaɗai na riƙe da fiye da rabin layukan ƙasar nan, Airtel na da kimanin kashi ɗaya bisa uku, Glo na bin baya nesa, na huɗun kuma, wanda ya fara da sunan Etisalat a 2008, ya koma 9mobile a 2017 bayan rikicin bashin dala biliyan 1.2 da bankuna, sannan ya koma T2 a 2025, bai kai ko kashi 3 cikin 100 ba. Wato a takarda kamfanoni 4 ne, a zahiri kasuwar ta biyu ce. Wannan ma lissafin ƙasa baki ɗaya ke nan. In ka baro Legas da Abuja ka zo gari irin namu, gasar ta ƙare a kan wane ne ya kafa ƙarfen sabis kusa da kai. Tun watan Afrilun 2013 aka ba mu damar sauya kamfani ba tare da rasa lamba ba, amma ina amfanin a ce ka zaɓi rijiya alhali duk ƙauyen guda ɗaya ce mai ruwa, ita ma sai da asuba?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne intanet ɗin yana nan a ƙasar, ba wai babu ba. A 2010 wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, WACS ya biyo baya, Equiano na Google ya iso a 2022, sannan 2Africa. Ruwa ya cika tafki a bakin teku, amma bututun da zai kawo shi cikin ƙasa ne babu. Ƙarfen sabis da ba a haɗa shi da wayar fayiba ba, daga wani ƙarfen yake karɓar saƙo ta iska, kuma abin da zai iya ɗauka ƙayyadadde ne. Shi ya sa za ka ga wayarka ta nuna 4G da sanduna cike, amma ranar kasuwa ko bayan isha'i, da mutane suka yi yawa a kai, ko saƙon murya ba ya tafiya. Ba aljanu ba ne, kuma ba laifin wayarka ba ne, hanya ce ƙarama aka tura mata motoci da yawa.

Gwamnati ma ta san da haka. A 2020, lokacin Minista Isa Ali Pantami, an fitar da tsarin intanet mai sauri na 2020 zuwa 2025, aka yi alkawarin kashi 70 cikin 100 na jama'a za su samu, gudunsa a birni ya kai megabit 25 a daƙiƙa, a karkara 10, kuma gigabait ɗaya kada ya wuce N390. Shekarar 2025 ta zo ta wuce ana wajen rabi, ba a kai 70 ɗin ba. Maimakon sauƙi, a watan Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, bayan kamfanonin sun nemi 100. Aka ce mana ƙarin zai kawo inganci. Ƙarin kam ya iso Adogi ba tare da ɓata lokaci ba, ko suri ba mu hau ba muka same shi. Ingancin ne har yanzu yake hanya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a ce ban yi adalci ba. Na san dizal ya yi tsada, kuma yawancin ƙarafunan sabis da janareta suke kwana. Na san kayan aikinsu da dala ake sayowa, naira kuma ta faɗi warwas tun 2023. Na san masu aikin hanya suna tsinka wayoyi da katafila, ɓarayi suna sace batura, har sai da Shugaba Tinubu ya sa hannu a doka a 2024 da ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa. Na kuma tuna ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku suka tsinke a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna suka tsaya a ƙasashe da dama. Duk gaskiya ne. Amma shi ma Baba dizal ɗin nan yake biya a kuɗin mota, kuma bai taɓa cika buhu da ƙasa ya ce wa mai saye ai dala ce ta tashi ba. In ka ƙara farashi, to ka cika mudu.

Akwai kuma wani uzuri da aka daɗe ana kawowa, wai jihohi suna tsawwala kuɗin haƙa ramin binne waya, duk da gwamnoni sun amince da N145 a kan kowace mita. To a nan Nasarawa wannan uzurin ya mutu, domin a ƙarshen 2023 gwamnatin Abdullahi Sule ta yafe kuɗin gaba ɗaya, har NCC ta yaba mata. Tunda an buɗe ƙofa kyauta, me ya hana a bi titin Lafiya zuwa Shandam da fayiba a ratsa garuruwanmu? A 2024 gwamnatin tarayya ta yi shelar shimfiɗa fayiba mai tsawon kilomita 90,000 a ƙarƙashin Minista Bosun Tijani. Muna so mu ga taswirar, mu ga ko sunan garinmu yana ciki, kada a tsaya a Sakatariya da Jami'ar Tarayya ta Lafiya a ce an gama da Nasarawa.

Wani abokina ya ce mu sayi Starlink mu huta, tunda ya shigo Najeriya tun Janairun 2023. Na yi dariya. Na'urar kaɗai ta haura rabin miliyan a 2024, kuɗin wata kuma ya tashi daga N38,000 zuwa N57,000 a 2025. Wannan maganin masu kuɗi ne. Ɗalibin da ke son duba sakamakon JAMB, da matar da ke jiran ɗanta ya turo mata N5,000 daga Fatakwal, ba su ne za su kafa faranti a kan rufi ba.

Ga abin da nake ganin ya dace, kuma ba daga sama na ƙirƙiro ba. Na farko, a 2025 an amince wa masu layin 9mobile su hau kan sabis ɗin MTN a inda nasu bai kai ba. Tunda hakan zai yiwu, NCC ta mayar da shi ka'ida a karkara, duk ƙarfen da ke tsaye a gari irin namu ya ɗauki kowane layi, kamfanoni su yi lissafi a tsakaninsu. A nan ne za a ga gasa ta gaskiya, a kan farashi da mutunta kwastoma. Na biyu, a riƙa wallafa ingancin sabis na kowane kamfani gari-gari, da Hausa da sauran harsuna, a rediyo, ba a dunƙule jiha guda a ce komai lafiya ba. Na uku, tara ta dawo aljihun wanda aka cuta. A 2012 NCC ta ci kamfanoni 4 tarar naira biliyan 1.17 saboda rashin inganci, a 2014 ta sake cin 3 daga cikinsu har ta hana su sayar da sabbin layuka na wata guda, amma ko kwabo bai shigo hannun mai waya ba. A 2025 hukumar ta ce in sabis ya ɗauke fiye da awa 24 a biya diyya, kamar ƙara wa data wa'adi. To a aiwatar, kuma kada a jira sai mun roƙa. Na huɗu, dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF musamman don kai sadarwa wuraren da kamfanoni ke ganin babu riba. Wakilanmu a majalisa su tambaya nawa aka kashe a Lafiya ta Gabas.

Sai kuma namu laifin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu Hausawan da ke zaune a nan muna da wata ɗabi'a ta cewa mu baƙi ne, kada mu ɗaga murya, mu dai a bar mu mu yi kasuwancinmu. Jama'a, ni a nan aka yanke min cibiya, a nan na yi firamare da sakandare, a nan Baba yake biyan haraji. Kuma sabis bai san ɗan ƙasa da baƙo ba. Ranar da ya ɗauke, Alago da Eggon da Babarbare da Bahaushe duk a kan suri ɗaya muke haɗuwa. Mun gani a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace, kowa ya koma taransifa, mai doya da mai shayi duk kuka ɗaya suka yi. Wannan ba maganar siyasa ko ƙabila ba ce da za a ce mun tsoma baki a abin da ba namu ba.

Kuma kada wani ya ce ƙorafi ba ya aiki. A ƙarshen 2016 NCC ta so ta kafa mafi ƙarancin farashin data wanda zai sa ta yi tsada, jama'a suka yi caa, Majalisar Dattawa ta sa baki, aka janye kafin ya fara aiki. Don haka ina roƙon kowa, duk ranar da aka cuce ka, ka fara kai ƙara wajen kamfanin ka karɓi lambar ƙorafi, in ba su gyara ba ka kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne. Ƙungiyar 'yan kasuwa da masu POS da malaman makaranta su samu littafi guda, a riƙa rubuta rana da awa da sabis ya ɗauke har tsawon wata 3, a sa hannu, a kai wa hukuma da ɗan majalisarmu ta hannun masu unguwanni da dagaci. Bakin mutum ɗaya surutu ne, amma takarda mai hannu 500 hujja ce. Sannan mu sa ido a kan ƙarafunan da ke garinmu, duk wanda ya ga ɓarawon batir ya rufa masa asiri, to kansa ya cuta.

Na faɗi nawa. Wanda yake ganin na yi kuskure ƙofa a buɗe take, ya zo shago mu tattauna, shayi a kaina. Amma don Allah kada ya ce zai kira ni a waya, domin ba lallai ya same ni ba.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.

Naku, ɗan'uwanku daga Adogi.