Tufar ma'aikaci: daidai ruwa daidai tsaki

Duk wanda ya shiga biron gwamnati neman takardar haihuwa ko wata bukata, idonsa yana faɗawa kan tufar ma'aikaci tun kafin a yi gaisuwa. Daga nan yake fara auna mutumin da ke gabansa, da kuma hukumar da ta ajiye shi a kan kujerar. Saboda haka shigar ma'aikaci magana ce da ta shafi mutuncin aiki baki ɗaya, kuma ya dace kowane ɗayanmu ya tsaya ya duba tasa. A ganinmu ma'auni uku ne suka isa: yanayin ƙasa, irin aikin da ake yi, da ƙarfin aljihu.

Ma'auni na farko shi ne yanayi. A watannin Afirilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram. Kwat da karabat kuwa tufafi ne da aka ƙago don sanyin Turai. Ma'aikacin da ya shaƙe wuyansa cikin wannan zafi yana zufa, ransa yana ɓaci, kuma talakan da ya zo gabansa shi ke shan fushin. Ko ƙasashe masu arziki sun gane haka. A shekarar 2005 gwamnatin Japan ta umurci ma'aikatanta su ajiye kwat da karabat a lokacin zafi, aka tsayar da na'urar sanyaya biro a kan digiri 28 don a rage cin wutar lantarki. Mu da muke da riguna na auduga masu faɗi, masu shan iska, waɗanda kakanninmu suka ɗinka daidai da wannan rana, ba mu da dalilin jin kunyarsu. A daren 6 ga Maris 1957, Kwame Nkrumah ya yi shelar ƴancin Gana sanye da rigar saƙi ta mutanen arewacin ƙasarsa, kuma darajarsa ba ta ragu ba a idon duniya.

Ma'auni na biyu shi ne aiki. Babbar riga mai aiki tana da kyau ranar Juma'a, ranar salla ko wurin ɗaurin aure. Amma malamin gona da zai shiga fadama, da malamin lakwal da zai wuni da alli a hannu, da ungozoma a ɗakin haihuwa, kowane yana bukatar tufar da za ta bar hannunsa ya yi aiki. Abin da ya haɗa su duka shi ne tsabta. Riga mai araha da aka wanke aka goge ta fi shadda mai tsada da ta yi dauɗa a wuya. Sabulu da dutsen guga ba su fi ƙarfin kowa ba.

Ma'auni na uku, wanda ya fi su nauyi, shi ne aljihu. An sha ganin ƙaramin ma'aikaci ya ɗauki shadda bashi, ya kai wa tela ɗinki mai tsada, don kawai ya yi kafaɗa da kafaɗa da shugabansa. Kafin wata ya raba, albashi ya ƙare, hatsi ya ƙare a gida, mai kanti yana sallama a ƙofa. Daga nan ne hannu yake fara miƙewa ga wanda ya zo neman sa hannu a takarda. Cin hanci da yawa daga irin wannan bashin ado yake tsirowa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma jama'a ba makafi ba ne: sun san albashin kowane mataki, suna kuma lissafin abin da ke jikin mai shi.

Akwai hanyar da mutum zai yi kyau, kuɗin kuma su tsaya a gida. A Burkina Faso, Thomas Sankara, wanda ya yi mulki daga 1983 zuwa 1987, ya wajabta wa ma'aikatan gwamnati sa saƙin ƙasar da ake kira Faso Dan Fani, don manomin auduga da masaƙa su samu kasuwa. A 2004 Gana ta ware ranar Juma'a don sa tufafin gida a wuraren aiki. Mu ma muna da masaƙa da marina da teloli da dukawa masu yin takalma, kuma ba sai an kafa doka ba kafin ma'aikaci ya kai musu ciniki.

Sai dai maganar tana da wani gefe da ya kamata shugabannin ma'aikatu su kula da shi. Yadda talaka ke auna ma'aikaci da tufarsa, haka ma'aikaci ke auna talaka. Sau nawa ake barin manomi mai tsohuwar taguwa a tsaye tun safe, a shigar da mai shadda da ya zo daga baya? Manomin nan harajinsa yana cikin albashin da ake biya, kuma doka ba ta bambanta shi da mai shadda ba. Ma'aikacin da ya yi haka ya zubar da mutuncin da ya saya da tsada a wurin tela.

Ya ku ƴan uwa ma'aikata, kafin ku fita gobe da safe, ku tambayi kanku: wannan tufa ta dace da rana, ta dace da aikina, kuma da guminna na biya ta? In amsa ta zama i, to ku ƙara da sakin fuska ga duk wanda ya zo gabanku, ko da wace irin riga ya zo, gama shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.