Kafin ka sai da rago don sayen kayan ɗaukar gita

Kusan kowane mako samari na turo muna kiɗansu gidan rediyo, daga Tahoua har Abalak da Cintabaradan, tambayarsu guda: wane kaya za mu saya? Wani har ya tanadi kuɗɗin da yayanshi ya aiko daga Abijan zai zuba cikin babban mikro da na'urar haɗa sauti. Mu dai muna ganin ɓarna ce ga ɗan koyo.

Ku dubi naku na gida. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa gitarshi ta farko. Kundinshi Anar, da ya ɗauka a Sakkwato a 2008, ta Bluetooth da katin salula ya ratsa Sahara. Les Filles de Illighadad kuma a fili aka ɗauki kundinsu na 2016. A 2020 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya riƙa fidda waƙoƙin da aka ɗauka da salula, aka tura ta WhatsApp. To, mi ya rage?

Sayen farko: sabbin tsirkiya, tare da manhajar daidaita su, wadda kyauta ce. Gitar da ba ta daidaitu ba, ko mikron miliyan aka sa mata, kuskuren zai ƙara bayyanawa.

Na biyu: abin saurare mai rufe kunne. Da shi za ka ji kanka tsakani da Allah.

Na uku ba saye ba ne, ɗaki ne. Ɗakin laka mai tabarmi da barguna ya fi na siminti da kwano, don bango mai santsi maido da sauti yake. Kashe fanka, ka tsinke layin waya, ka jira dare. Aje salula kamar taƙi biyu daga inda wuyan gita ya haɗu da cikinta. In ka kai ta bakin rami, gunji kawai za ta kwasa. BandLab a waya ko Audacity a kwamfuta sun isa gyara, ba ko dala.

In hannu ya faɗa, sannan ka ƙara: ƙaramar na'ura irin Zoom H1n, mai aiki da batir biyu ko babu wuta, ko akwatin sauti irin Behringer UM2 ga mai gitar lantarki. Ka naɗe su cikin tsumma, don ƙurar hunturu ba ta da sabo.

Wasu za su ce ingancin situdiyo daban ne. Gaskiya ne, amma wannan ranar kundi ce, kuma ranar hayar awa biyu ta fi maka saye.

In za ku turo muna, kada ku yi saƙon murya, WhatsApp na matse shi. Ku turo a matsayin fayil. Muna jiranku, Allah shi bada sa'a.