Maguɗin da babu wanda aka cuta a cikinsa

A watan Disamban 2020, kwanaki kaɗan bayan fitowar wasan Cyberpunk 2077, wasu masu buga shi a kwamfuta suka wayi gari fayil ɗin da ke riƙe da tafiyarsu gaba ɗaya ya ƙi buɗuwa. Ashe duk fayil ɗin da ya haura megabayit 8 lalacewa yake yi, kuma abin da ke kumbura shi shi ne yawan kayan da jarumin wasan ya tara ko ya ƙera. Shawarar farko da aka ba mutane ita ce su rage tara kaya. Kamfanin CD Projekt ya cire wannan iyaka kafin watan ya ƙare, sai dai gyaran bai tayar da fayilolin da suka riga suka mutu ba. Wanda ya zuba awa sittin a ciki, kuma bai ajiye kwafi a gefe ba, ya tashi a tutar babu.

Wannan asara ta fito da wani abu da aka saba mantawa. A irin waɗannan wasanni, inda mai wasa ke shiga rigar jarumi ya yi ta yawo yana yaƙi yana tara makamai da dukiya, kamfani ne ya zana duniya, ya rubuta labari, ya tsara kiɗa. Abu guda da mai wasa ya samar da hannunsa shi ne fayil ɗin ajiya, wato rubutaccen tarihin daren da ya raba yana wasa. Duk da haka, ranar da ya buɗe wannan fayil ya ƙara wa jaruminsa takobi ko kwalbar magani, sai a ce ya yi maguɗi. Kalmar ba ta dace da aikin ba, kuma waɗanda suka fi cin moriyar yaɗa ta suna sayar da wannan maguɗin da kansu.

Abin da ke cikin jakar

Babu takobi a cikin fayil ɗin ajiya. Abin da ke ciki jerin lambobi ne da gajerun sunaye. A wasan Baldur's Gate na 1998 da magajinsa na 2000, kowane kaya yana da laƙabin da bai wuce haruffa takwas ba: POTN08 kwalbar maganin rauni ce, SW1H01 kuma wani nau'in takobi. Jakar jarumi jadawali ce mai gurabe, kowane gurbi yana ɗauke da laƙabin kaya da adadinsa. Siffar kayan da ƙarfinsa suna can cikin wasan da mai shi ya riga ya biya kuɗi ya saya. Wanda ya sauya laƙabi ɗaya da wani bai shigo da komai daga waje ba. Ya dai nuna wa wasan wani abu daban daga cikin rumbunsa.

Kuɗin jarumi ma haka yake. Idan yana da zinare 1000, a wasanni da yawa kwamfuta tana rubuta adadin da ƙidayar goma sha shida, bayit huɗu a jere, ƙaramin a gaba: E8 03 00 00. Mai neman gyara yakan buɗe fayil ɗin da manhajar duba bayit, ya nemi wannan jeri, ya kashe ɗan kuɗi a wasan, ya sake adanawa, sannan ya duba wane wuri ne ya motsa. Wurin da ya motsa nan ne lalitar. Saboda wahalar wannan lalube ne masu sha'awa suka rubuta manhajoji irin su Shadow Keeper, da EE Keeper daga baya, waɗanda ke shimfiɗa jakar a fili a zaɓi abin da ake so.

Wasu wasannin suna buga wa fayil hatimi. A Diablo II, tun daga gyaran 1.09, akwai lambar tantancewa da ake lissafawa daga dukkan abin da ke cikin fayil ɗin jarumi. Idan aka taɓa bayit ɗaya ba a sake lissafin ba, wasan ya ƙi karɓa. Irin wannan hatimi yana da amfanin gano fayil ɗin da ya lalace, misali wanda wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta shi. Wasu kamfanonin kuma sun wuce nan, suna kulle fayil ɗin da mabuɗin sirri, su ɗaure shi da asusun mai wasa, har ya zama abin da mutum ya tara a kan na'urarsa ya fi ƙarfin idonsa.

Wa aka cuta?

Maguɗi, a kasuwa ko a zaɓe ko a jarrabawa, yana buƙatar mutum biyu: mai yi da wanda aka yi wa. Mai tauye mudu ya rage wa mai saye hatsi. Ɗalibin da ya shiga da satar amsa ya sha gaban wanda ya kwana yana karatu. To, mutumin da ke zaune shi kaɗai a ɗakinsa, yana yaƙar dodon da babu shi, ya ƙara wa kansa kibau ɗari biyu, haƙƙin wa ya ci? Dodon ba zai kai ƙara ba.

Inda akwai mutum na biyu, magana ta canza, kuma tarihin Diablo ya nuna hakan ƙarara. Diablo na farko, wanda ya mamaye kasuwa a 1997, yana ajiye jarumi a kan kwamfutar mai wasa ko da a dandalin Battle.net ake haɗuwa. Sakamakon shi ne dandalin ya cika da jabun kaya da jaruman da ba sa mutuwa, suna hallaka waɗanda suka shigo da gaskiya. Wannan cuta ce ta haƙiƙa, domin an ɓata wa wasu lokacinsu da jin daɗinsu. Da Diablo II ya fito a 2000, Blizzard ya raba gida biyu: rufaffen dandali inda jarumai ke zaune a kwamfutocin kamfani babu mai iya taɓa su, da buɗaɗɗen dandali inda kowa ke zuwa da jaruminsa na gida, kowa kuma ya san abin da zai tarar. Wannan rabo adalci ne. Ya sa katanga daidai inda haƙƙin wani ya fara, ya bar wa mutum ɗakinsa.

Hujjar masu suka

Masu adawa da gyaran fayil suna da hujjoji biyu da suka cancanci amsa. Ta farko ita ce niyyar mai ƙirƙira: an tsara wasan ne don a sha wuya kafin a samu, kuma ƙarancin kaya wani ɓangare ne na fasahar. Gaskiya ne. Wasan da aka gina a kan tsoron ƙarewar harsashi ya rasa armashinsa idan harsashi ba ya ƙarewa. Amma marubucin littafi ma yana da niyya, kuma ba a taɓa kiran mai karatun da ya leƙa babin ƙarshe ɓarawo ba. Mai ƙirƙira yana da ikon tsara aikinsa yadda ya so. Ikonsa bai kai ga tsaya wa mai saye a ka yana faɗa masa yadda zai more abin a cikin gidansa ba.

Hujja ta biyu ita ce mai gyara kansa yake cuta, domin ya kashe daɗin wasan da hannunsa. Sau da yawa haka ne ma. Wanda ya cika jakarsa da mafi ƙarfin makamai a awa ta farko yakan gaji da wasan a awa ta uku. Sai dai asarar tasa ce, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likitar da ke samun awa biyu a mako ba ta da halin kashe su wajen maimaita yaƙi ɗaya sau arba'in don tara kuɗin sulke. Mai larurar hannu da ba ya iya saurin danna maɓalli yana iya buƙatar ƙarin magani kafin ya ga ƙarshen labarin da ya biya. Akwai kuma wanda kuskuren manhaja ya haɗiye masa mabuɗin da labari ba ya ci gaba sai da shi. A wurinsa gyaran fayil shi ne kaɗai abin da ya raba shi da komawa farko. Su kansu masu ƙirƙira sun san da haka. A Skyrim na 2011, Bethesda ya bar wa masu kwamfuta tagar ba da umarni a buɗe, inda layi ɗaya ke zuba wa jarumi zinare ko kowane kaya.

Mai dokar barci

Abin da ya fi raunana zargin maguɗi shi ne halin wasu manyan kamfanonin. A 2018 Ubisoft ya fitar da Assassin's Creed Odyssey, wasan da mutum ke bugawa shi kaɗai, ya kuma buɗe kanti a cikinsa inda ake sayar da ƙarin kashi 50 na makin ƙwarewa a kan kusan dala 10. A 2019 kamfanin ya ba masu wasa damar tsara ƙananan labarai nasu. Wasu suka tsara labaran da ke ba da maki da sauri kyauta. Nan da nan aka haramta irin waɗannan labarai, kantin kuwa ya ci gaba da ciniki. Gajeriyar hanyar ɗaya ce. Bambancin kawai aljihun da kuɗin ke shiga.

A watan Maris na 2024 Capcom ya saki Dragon's Dogma 2 a kan dala 70, tare da jerin kayan cikin wasa da ake saye da kuɗin gaske, har da dutsen da ke farfaɗo da matacce. Wasan yana ba da gurbin ajiya na jarumi ɗaya tak, kuma a ranar fitowarsa babu ma maɓallin sake farawa daga farko. Mai kwamfutar da ke son sabon jarumi sai ya shiga cikin na'urarsa ya nemo fayil ɗin ya goge da hannu, har zuwa lokacin da kamfanin ya ƙara maɓallin bayan ƙorafi ya yi yawa. Idan saka dutsen farfaɗowa a jaka ba tare da an sha wuyarsa ba yana ɓata fasaha, to yana ɓata ta ko an biya dala ko ba a biya ba. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Blizzard ma ya taka irin wannan tudu. Diablo III na 2012 ya tilasta wa masu kwamfuta kasancewa a intanet ko da su kaɗai suke wasa, jarumansu duk suna hannun kamfani, aka kuma buɗe kasuwar gwanjo inda ake sayen makamai da kuɗin gaske, kamfanin yana yanke kamasho. A daren farko ɗimbin mutane suka kasa shiga wasan da suka saya saboda cunkoso. A watan Maris na 2014 kamfanin ya rufe kasuwar da kansa, bayan ya amince cewa tana lalata ginshiƙin wasan, wato kashe dodo a samu ganima.

Abin da kotuna suka ce

Shari'a ba ta yi magana da murya ɗaya ba. A 1992 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka ta yanke hukunci tsakanin Nintendo da kamfanin Galoob kan na'urar Game Genie, wadda ke sauya lambobin wasa yayin da ake bugawa. Kotun ta ce na'urar ba ta haifar da sabon aikin da ya keta haƙƙin mallaka ba, kuma daga baya Nintendo ya biya dala miliyan 15 na asarar cinikin da hanin farko ya jawo. A ranar 17 ga Oktoban 2024 Kotun Tarayyar Turai, a ƙarar da Sony ya shigar da Datel, ta ce sauya adadin da wasa ke riƙe da su a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta na'ura bai shiga cikin kariyar da doka ta ba manhajar kwamfuta ba.

Japan ta bi wata hanya. A 2001 kotun ƙolinta ta ba Konami gaskiya a kan wani kamfani da ke sayar da katin ajiya mai ɗauke da gyararrun lambobi na wasan Tokimeki Memorial, bisa hujjar cewa hakan ya gurɓata labarin yadda mai shi ya tsara. A 2018 aka gyara dokar hana gasar da ba ta dace ba, rarraba manhajar gyaran fayil da yi wa wasu aikin gyaran suka zama laifin da ke iya kai mutum kurkuku har shekara biyar, ko tarar yen miliyan biyar. An yi kame a ƙarƙashinta, ciki har da na wani mai sayar da gyararrun halittun Pokémon a 2024. Ana iya fahimtar hukunta mai sayar da jabun halittu da za su shiga musaya tsakanin jama'a. Amma dokar da ta kori manhajar gyara daga kasuwa baki ɗaya ta haɗa da mai neman ceto wasansa, tamkar an rufe maƙera don ɓarawo ya taɓa sayen guduma.

Iyakar 'yancin

Kare wannan 'yanci ba ya nufin aikin ba shi da haɗari. Bayit ɗaya da aka rubuta a gurbin da ba nasa ba ya isa ya kashe fayil, shi ya sa mai hankali ke kwafe na asali ya ajiye a wani wuri kafin ya taɓa komai, ya kuma dakatar da ajiyar intanet don kada ta maye gurbin mai kyau da lalatacce. Saka kayan labari tun lokacinsa bai yi ba yana iya rikita jerin aukuwar abubuwa. Fayil ɗin baƙo kuwa abin tsoro ne: a watan Fabrairun 2021 CD Projekt ya toshe wata kafa a Cyberpunk 2077 wadda ta sa ana iya ɓoye mugun umarni a cikin fayil ɗin ajiya ko ƙarin da aka sauko da shi. Sannan duk jarumin da aka gyara ya kamata ya tsaya a gida. Ranar da aka kai shi fagen gasa, ko teburin musaya, ko allon da ake jera gwanaye, an sami mutum na biyu, kuma kalmar maguɗi ta hau daidai.

Abin da ake nema daga kamfanoni bai da yawa, kuma Diablo II ya nuna yana yiwuwa tun 2000. Su tsare dandalin da jama'a ke haɗuwa da duk ƙarfinsu. Su bar fayil ɗin wasan mutum ɗaya a inda mai shi zai iya gani, ya kwafa, ya gyara. Kamfanin da ya kulle jakar jarumi da kwaɗo, sannan ya kafa rumfa a bakin ƙofa yana sayar da abin da za a zuba a ciki, ba shi da bakin yi wa kowa wa'azin gaskiya a wasa.