Shawarar Wata: Zaɓen Magini

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. A ƙauyukan El Alasan Mairairai, magidanta da yawa suna son ƙara zaure ko shigifa a gida. Wanda ya saida gero ko rago ya ba magini marar amana, ya yi hasara biyu: ba kuɗi, ba ɗaki.

Kafin ciniki, mai gida ya je ya ga ginin da maginin ya yi, wanda ya ci damina 3. Ya duba ko bango ya tsage. Ya tambayi mai ɗakin ko soro yana yoyo.

Ƙasar nan rairayi ce. Magini na ƙwarai yana zurfafa tushe, ba ya gini da ɗanyen tubali, ba ya manta indararo.

Kada a biya kuɗi gaba ɗaya. A raba su kashi 3: farkon aiki, ɗora azara, bayan yaɓe. A rubuta sharaɗi a takarda gaban shaidu 2. Ga amfanin yaƙi da jahilci. A gama aiki kafin ruwan farko. Araha ba ta ado.