Mirage ya tafi, wa ke lissafin bama-bamai yanzu?

'Yan uwa matasa, duk wanda ya zauna Yamai wajajen Talaje ko unguwar Aeropor a shekarun Barkhane ya san wannan ƙarar. Kana kwance da asuba sai ka ji kwanon ɗaki na rawa, yara su farka da kuka. Mirage 2000D ne ya tashi daga sansani na 101. Ni ma na daɗe ina jin ta, kuma ban taɓa sanin inda jirgin ya nufa ba, balle wanda zai kwana lahira a ranar.

Mu fara da sanin jirgin, don rashin sani ya fi dare duhu. Kamfanin Dassault na Faransa ne ya ƙera shi. Ya fara tashi ranar 10 ga Maris 1978, sojan saman Faransa suka karɓe shi a 1984. Inji guda gare shi, fukafukansa kamar kan mashi, gudunsa ya ninka na sauti sau biyu. An ƙera kusan 600 kafin a rufe aikin a 2007, an sayar wa Indiya, Masar, Girka, Katar da wasunsu. Samfurin 2000D, wanda muka sani, na jefa bom ne a ƙasa, da mutum biyu a ciki, ya shiga aiki a 1993. Ya yi Bosniya, ya yi Kosovo, ya yi Afganistan, ya yi Libiya a 2011. Wutar da aka kunna a Libiya kuwa kun san inda hayaƙinta ya sauka.

Ma'anar sunan a faransanci kawalwalniya ce, ruwan da matafiyi ke hange a kan hanya, in ya iso ya tarar da yashi. An ce mana jirgin zai kawo tsaro, amma Tillaberi ba ta huta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Bunti, a tsakiyar Mali. Ranar 3 ga Janairun 2021 jiragen Mirage suka jefa bama-bamai kan wani taro. Faransa ta ce 'yan ta'adda ne. Masu binciken MINUSMA suka je, suka ji shaidu, suka ce taron biki ne, mutum 22 suka mutu, 19 daga ciki fararen hula. Paris ta yi watsi da rahoton, magana ta mutu.

Shi ya sa na je shataletalen Eskadiri a watan Satumban 2023, na yi ihu tare da ku. A watan Disamba sojan Faransa na ƙarshe ya bar ƙasar. Ban yi nadama ba ko kaɗan.

To amma, jama'a, a faɗi gaskiya komai ɗacinta: bom ba ya duba tutar wanda ya jefa shi. A Fabrairun 2022, nan Nacade cikin yankin Madarumfa, jirgin sojan Najeriya ya kashe yara bakwai. A Disamban 2023 jirgi marar matuƙi ya afka wa masu Mauludi a Tudun Biri, jihar Kaduna, sama da mutum 80 suka rasu. A Janairun 2024 hukumominmu da kansu suka amsa cewa fararen hula sun mutu a harin sama na Tiyawa, kusa da iyakar Burkina. Yanzu muna da namu jiragen Bayraktar na Turkiyya. Uwar da ta rasa ɗa, me ya dame ta da inda aka ƙera jirgin?

Na san wani zai ce wannan magana karya gwiwar soja ce. Wallahi a'a. Ƙannenmu ne ke fagen daga, kuma sojan da mutanen ƙauye suka yarda da shi ne ke samun labarin maɓoyar maƙiyi. Kuskure ɗaya da aka ɓoye kan ba 'yan ta'adda sababbin mabiya.

Abin da muka nema daga Faransa a Bunti, shi nake nema daga namu: duk harin da ya taɓa farar hula a yi bincike, a fito da sakamako, a faɗi sunayen mamata, a biya diyya. In mun yi shiru yau don jirgin namu ne, ashe ba don mutanen Bunti muka yi ihun ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rigu, ya kare sojojinmu da talakawanmu. Ku faɗi ra'ayinku a ƙasa, amma ban da zagi.