Bayan an sauke su a Kance, wa ke komawa ya duba su?

Duk lokacin da ayarin motoci ya kwaso 'yan ƙasarmu daga Aljeriya, hotuna suna cika wayoyinmu. Mata riƙe da ƙunshin kaya, yara zaune a ƙasa suna jiran a rubuta sunayensu. Mu yi sharhi kwana biyu, wasu su yi Allah wadai, wasu su ce an zubar mana da mutunci, sai mu wuce zuwa wani labarin. Ni yau maganata a kan abin da ke biyo bayan hotunan ne.

Mu tuna yadda abin ya faro. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 cikin sahara, arewa da Arlit, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. 52 daga cikinsu yara ne, kuma mafi yawansu daga yankin Kance suka fito, a jihar Damagaram. Daga ƙarshen 2014 aka fara maido da mutanenmu ayari-ayari ta Asamaka da Agadas. A 2022 kuma muka ga an ɗauko wasu da jirgi daga Dakar. Sama da shekara goma ke nan ana maidowa, ana komawa.

Na taɓa raka wata ma'aikaciyar kula da yara zuwa wani ƙauye a wannan yankin. Za ta duba wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba, wadda aka maido 'yan watanni kafin nan. Mun tarar da kakarta a tsakar gida. Ma'aikaciyar ba ta fiddo takarda ba, ba ta yi wa'azi ba. Ta zauna bisa tabarma, ta ce, "Inna, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?" Sai da aka sha fura aka yi zancen damina sannan tsohuwar ta saki jiki. Ashe yarinyar ba ta koma lakkol ba. Ba ta da takardar haihuwa, 'yan ajinta sun wuce ta, kuma yara na kiranta 'yar bara. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara, ga bashin kuɗin motar tafiyar farko ba a gama biya ba. Kakar ta ce mana, "Ɗiyata, in ta zauna me za mu ci?"

Wallahi ban sami abin cewa ba. Ma'aikaciyar ce ta san abin yi. Ta je wurin mai gari, ta ga mushen lakkol, ta rubuta sunan yarinyar cikin waɗanda za a nema wa takarda a kotu, ta tambayi ko akwai ƙungiyar asusun mata a garin da uwar za ta iya shiga. Ta yi alkawarin dawowa. A hanya ta ce mini ba ta san da wane man babur za ta dawo ba.

Nan matsalar take. Tsari akwai shi a rubuce. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990. Muna da alƙalan yara, muna da sashen 'yan sanda mai kula da ƙananan yara, muna da ofisoshin kare yara a jihohi da gundumomi. Amma ɗaukar yaro a mota a miƙa shi hannun danginsa aikin yini guda ne. Zama da iyalin har yaron ya tsaya da ƙafarsa aikin watanni ne, wani lokaci shekaru, kuma shi ne ba ya samun kuɗi, don ba ya fitowa a hoto.

Na san abin da wasunku za su ce: a kama iyayen kawai a ɗaure, gobe wani ba zai ƙara ba. Ban ce babu masu laifi ba. Akwai waɗanda ke karɓo 'ya'yan mutane, su kai su bara, su riƙa aiko wa iyaye ɗan wani abu, su cinye sauran. Wannan fataucin mutane ne, kuma tun 2010 muna da doka a kansa. A hukunta su, ba sani ba sabo. To amma uwar da ta ɗauki nata ɗan don gonar gado ta tsuke, hatsi bai kai su wata huɗu ba, in ka ɗaure ta wa ka bar wa yaron? Ka raba shi da uwa, yunwar da ta kore su tana nan inda take. Rarrabe mai cin amana da wadda talauci ya tura, sai wanda ya shiga gidan ya zauna ya saurara. Shi ya sa nake cewa ma'aikacin kula da iyali ya fi jandarma muhimmanci a wannan lamari.

Kuma ba daga waje za a koya mana dubarar ba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a nan ƙasar suka samo asali a 1991, mata na zuba ɗan abin da suke da shi kowane mako suna ranta wa juna, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Matar da ke da akuya biyu da ɗan jarin ƙuli-ƙuli ba ta saurin sa ɗanta a bayan mota zuwa Tamanraset. Taimakon yaro daga tukunyar uwarsa yake farawa.

Ga abin da nake roƙo. Hukumomi da majalisun ƙananan hukumomi su ware kuɗin bibiya a kasafinsu: man babur, kuɗin waya, ƙarin ma'aikata a ƙauyuka. Ƙungiyoyi masu ba da tallafi su daina auna nasara da yawan yaran da aka maido, su gaya mana nawa ne ke cikin aji bayan shekara guda. Masu gari da limamai su sa baki tun kafin mota ta tashi, don su suka san gidan da ke shirin tafiya.

Mu kuma matasan Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, namu ya fi sauƙi. Don Allah mu daina yaɗa fuskokin yaran nan. Yaron da ka sa hotonsa yau zai girma ya tarar da shi, kuma abokansa za su riga shi gani. In ka ga yaro cikin hali a unguwarku, ka kai maganar ofishin kare yara ko wurin mai unguwa maimakon ka ɗauki bidiyo. Mai iya karatu ya ba da awa biyu a mako ya taimaka wa yaron da aji ya wuce shi. Mai ƙanwa ko ƙane da ba shi da takardar haihuwa ya fara da gidansu.

Muna yawan cewa ɗa na kowa ne. Yarinyar nan ta ƙauyen ban san inda take ba yau, ko a aji ko a bakin wani titi a wata ƙasa. Abin da na sani shi ne, a ranar akwai mace guda da ta so ta koma ta duba ta, kuma abin da ya tsaya mata kuɗin mai ne. Allah ya raya mana su, ya ba mu ikon sauke nauyinsu.